Ƙunshin Rasit a Ƙasan Akwati

Ni dai abin da na tashi na tarar shi ne, wanda ya biya haraji ɗan gari ne. Haka na ga ana yi, haka aka gaya mini, a kan haka na tsufa. Ban yi boko ba, allo ma iyakata abin da zan yi salla da shi, wannan ma da kuke karantawa faɗa nake ana rubuta mini. Amma na san girman takarda. Marigayi Malam, maigidana, yana da wata 'yar jakar fata da ba ta fi tafin hannu ba, a ciki yake ajiye takardar harajinsa. In zai tafi cin rani, ya kan manta da guzuri, bai taɓa manta ta ba. Ya sha ba ni labarin ranar da aka tsare motarsu a bakin gada, aka sauke kowa, aka ce a fito da takarda. Marasa ita aka zaunar da su a rana. Shi ya miƙa tasa, ɗan doka ya duba, ya ce masa wuce, kai kana da gari. Da Malam ya rasu, jakar nan kaɗai na roƙa a bar mini.

Na yi shekara ashirin da ɗoriya ina sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a kasuwar garinmu. Rumfata ce, da guminta na aurar da 'ya'ya. Ana nan, ana nan, sai shekarar da aka ce kuɗin man fetur ya faɗi. Rediyo ta ce asusun jiha ya bushe, malaman makaranta suka yi watanni ba albashi, aka ce dole jiha ta nemi kuɗinta a cikin gida. Cikin gidan kuwa mu ne. Da can mutum ɗaya ke zagayowa ranar kasuwa da tikitinsa. Sai suka zama uku, kowa da launin takardarsa: mai kore ya ce na rumfa ne, mai ja ya ce na shara ne, mai ruwan ɗorawa ya ce na sana'a ne, alhali sharar tana nan inda take, kwatar tana nan da warinta. Na biya duka, na ƙulle tikitocin a gefen zane. Wata safiya na zo na tarar da kwaɗon da ba nawa ba a ƙofar rumfa. Na kwance zane na nuna musu kore da ja da ruwan ɗorawa. Suka ce an fito da fari.

A watan nan masu hatsi suka kwashe buhunansu suka koma kasuwar da ke tsallaken iyakar jiha, mahauta suka bi su, mai niƙa ya cire injinsa. Layinmu ya zama kango. Ba wanda ya yi sallama da kowa, sai dai ka zo ka ga rumfa a buɗe, akuya a ciki.

Ana cikin haka Auta ta haihu. Auta ita ce ƙaramar 'yata, tana aure a Dubai, mijinta injiniyan lantarki ne a wani kamfanin ajiyar kaya, ita kuma tana aiki a kantin magani. Aka yi mini fasfo, aka yi mini biza, na tafi wankan jego. Aka sa wa yarinya sunana, don haka Takwara nake ce mata. A wani fulat suke a Al Qusais, hawa na shida, ɗaki biyu da falo. Ba murhu, ba tsakar gida, a butar lantarki na dinga dafa ruwan wanka, amma na yi mata arba'in ɗinta cif, har da kunun kanwa. Da arba'in ta cika Auta za ta koma aiki, sai surukina ya zo ya durƙusa daga bakin ƙofa, kansa a ƙasa, ya ce in ban ƙi ba in zauna in riƙe musu yarinyar. Ya ji labarin kwaɗon rumfa. Ya ce, “Umma, nan ƙasar ba a biyan haraji. Ba mai zuwa miki da tikiti.”

Na zauna. A bayana Takwara ta yi wayo. Ina goye da ita nake zagaya barandar hawa na shida, matan Indiya da na Filifin suna leƙowa suna kallon yadda na ɗaura majanyi. Da hannuna ta fara cin tuwo, a bakina ta fara jin Hausa. Uwarta ta fita tun safe, ubanta ya fita tun kafin uwarta, ni da ita ne a gidan har la'asar.

Ƙofar da ke kallon tamu ta wata ma'aikaciyar jinya ce, Kirista, 'yar ƙasarmu, muna ce mata Maman Tagwaye. Ita ta fara kawo mini labari. Ta ce nan ma kuɗin mai ya faɗi, nan ma masu mulki sun duba asusu sun ga ya rame. Aka fara da lemon kwalba. Ban damu ba, ba na sha. Da sabuwar shekara ta kama, sai ya hau kan komai: shinkafa, albasa, sabulu, madarar Takwara, a kowace ɗari biyar. Ranar farko da na gani da idona, a kantin ƙasan benenmu ne. Na miƙa kuɗin da na saba miƙawa, yaron kanti ya girgiza kai, ya nuna mini wani layi a ƙasan takardar da injinsa ya tofo. Raina ya ɓaci. Ni da na yi rabin rayuwata ina awo, na san in an cika kwalba akan ɗora gyara, kuma gyara daga mai sayarwa take zuwa ga mai saye. Nan kuma an cika mini, an ɗora, an ce ni zan biya ɗorin.

Na hau sama ina huci, na kai wa Maman Tagwaye takardar. Ta sa yatsa a kan layin ta ce wannan shi ne harajin, na gwamnati ne, ba na mai kanti ba. Na tambaye ta ko an rubuta cewa an biya. Ta ce an rubuta, har da rana da wata.

Sai fushina ya ɗan kwanta. Na ce a raina, to, an zo wurin. Ƙasar da ta karɓi harajinka ta san da kai. Da ni baƙuwa ce mai cin arziki, yanzu na zama mai biya. Na linke takardar nan gida huɗu, na sa a jakar Malam.

Daga ranar ban bar rasit ko ɗaya ya shiga kwandon shara ba. In Auta ta dawo da cefane, kafin ta ajiye leda na zare. In surukina ya bar nasa a kan teburi, sai ya fita in ɗauka, don ba na miƙa hannu a gabansa. In mun je kasuwar Naif sayen atamfa, ina tsaye sai an ba ni takarda, ko ɗan kasuwar zai ce yalla, yalla, wato in yi sauri, sau goma. Duk ganin wata sai in tattara na watan, in naɗe a leda, in ƙulle da tsumma, in jera a ƙasan akwatina na ƙarfe tare da kwalbar turare saboda ƙwari. Akwatin yana baranda, don ɗakin ba wuri. Abin da na ƙulle ba na sake kwancewa. Da Takwara ta fara tafiya ta zama 'yar aikena, da gudu take shigowa tana ɗaga takarda, tana cewa Kaka ga taki, don ba ta iya cewa takarda ba. Auta dariya take yi, Maman Tagwaye ta sa mini Hajiya mai rasit. Duk cikinsu ba wanda ya zauna ya tambaye ni me nake yi da su. Sun ɗauka tsufa ne.

Kwanci tashi, abin bai tsaya a kanti ba. Ina jin su a falo suna magana ƙasa-ƙasa. An ce akwai wani kuɗin gida da ke zuwa a cikin takardar wuta da ruwa. An ce hanya ma tana da ƙofofi da ke cire kuɗi in mota ta wuce. An ce kowace takarda da za a buga wa hatimi da abin da aka ɗora mata, kuma ba a kiransa haraji, kowanne da sunansa mai daɗi. Ni kuwa na san shi ko da wace riga ya zo, na ga kore, na ga ja, na ga ruwan ɗorawa. Mutanen benenmu suka fara raguwa. Yau ka ga katifa a jingine a bakin lifta, gobe ka ga kwalaye an naɗe da salatif za a kai wa masu jigilar kaya. Irin tafiyar masu hatsin garinmu, ba sallama.

Sai annobar nan ta zo, aka kulle mu a ɗaka. Da aka buɗe, an zabge wa surukina albashi, an rage wa Auta ranakun aiki. Maman Tagwaye, wadda ta yi watannin nan tana kwana a asibiti da takunkumi har ya yi mata shaida a hanci, ta shigo wata rana da faranti na cincin ta ce tafiya za ta yi, ta sami aiki a wata ƙasar sanyi. Na ce mata ai na ji an ce can haraji ya fi na nan ciwo. Ta ce ya fi, nesa ba kusa ba, tun kafin albashi ya shigo hannu ake yanka.

“To me kika gudar wa, 'yar nan?”

“Hajiya, can in na biya na wasu shekaru, tagwayena sun zama 'yan ƙasa. Nan ko na mutu ina biya, ranar da aiki ya ƙare an ba ni kwanaki in tattara.”

Na yi mata addu'a, na ba ta turare. Amma a raina cewa na yi, ke ai ba ki tara takarda ba. Allah ya yafe mini, har tausayinta na ji.

Bayan tafiyarta da 'yan watanni, surukina ya zo bayan la'asar ya durƙusa a bakin ƙofata. Ya gaishe ni, ya tambayi ƙafata, ya tambayi sanyin esi ko ya yi mini yawa, ya tashi. Washegari haka. Rana ta uku ma haka. Na kira Auta na ce ta faɗa mini abin da ke bakin mijinta. Ta zauna a ƙasa ta ce bizata ta kusa ƙarewa, kuma ba za ta sabuntu ba. Mai riƙe tsohuwa sai albashinsa ya kai wani mizani, nasa ya faɗo ƙasa da shi. Sai yana da gida mai ɗaki biyu, su kuwa ɗaki ɗaya za su koma. Ga kuɗin ajiya, ga inshorar lafiya, wadda aka ce ta mai shekaruna ta fi ta kowa tsada. Takwara kuma za a dinga kai ta gidan wata mata da ke riƙon yara da rana.

Ban yi kuka ba. Na tashi na jawo akwati daga baranda, na juye ƙullin nan kaf a babban ɗankwali, na ɗaure. Na fito falo, na yi abin da ban taɓa yi ba tun da aka ɗaura aurensu: na tsaya a gaban surukina na dube shi ido cikin ido. Na ce masa gobe ya kai ni inda ake yin bizar. Na ce shekara uku da watanni ina biya wa ƙasar nan haraji, ga shaidata, ba a korar mai takarda.

Auta ta ce, “Umma, ba fa haka abin yake ba.”

Na ce ta rufe mini baki, ba a haife ta ba lokacin da ubanta ya wuce gada da takarda. Ta dubi mijinta. Shi ne mai ilimi, shi ya san Turanci da Larabci, shi ya san abin da ke rubuce a jikin kowace ɗaya. Ya sunkuyar da kai ya ce, “To, Umma.”

Wannan “to” ɗin har gobe ban gama yafe ta ba. Na san kunya ce, na san tarbiyya ce, na san ba ya iya buɗe baki ya ce wa uwar matarsa ta yi wauta. Amma kunyar da za ta ɗauki tsohuwa ta kai ta gaban jama'a, ban ga ranarta ba.

Da hantsi muka hau metiro zuwa Al Rigga, yana gaba da ƙunshin a hannu kamar mai kai kayan biki, ina biye. Ofishin wani shago ne da ake buga wa mutane takardun biza, kujeru jere, kowa da lambarsa a hannu. Da aka zo kanmu na karɓi ƙunshin, na ɗora a kan kantar ofishin da kaina. Wanda ke bayan kantar saurayi ne mai gilashi, ba Balarabe ba. Na kwance ɗankwali, na zaɓo ƙullin da ya fi kowanne tsufa, don ya ga tun daga farkon fari na soma. Na kwance tsumma, na buɗe leda, na warware ta sama.

Fara ce fat.

Na juya bayanta, fari. Na warware ta biyu, ta uku, na zazzage ƙullin gaba ɗaya. Na kwance na wata na biyu, na kwance na azumin shekarar, na kwance na sallar layya. Wasu sun yi ruwan ƙasa kamar an gasa su, wasu sun jiƙe da man turare, amma rubutu babu, ko ɗigo. Ni ban iya karatu ba, amma na san bambancin takarda mai magana da wadda ba ta da ita. Da hannuna na linke su da baƙin rubutu a jiki. Na juya na tambayi surukina wa ya taɓa mini akwati. Ya ce ba kowa. Ya ce irin takardar ke nan, ba tawada ba ce, zafi ne ke zana ta, zafi kuma ke goge ta, ga baranda, ga leda, ga turare. Ya ce dama ba a yi ta don ta daɗe ba.

Na tono na watannin baya-bayan nan, waɗanda rubutunsu bai gama tafiya ba, na tura wa mai gilashi. Ya ɗaga ɗaya ya duba, ya yi magana. Surukina ya ce wai ya ce za a duba. Na ga fuskar yaron, na ga ta mutanen da ke kujera, har wata ta sa gyale ta rufe baki. Na ce wa surukina, “Kai, ka ji tsoron Allah. Faɗa mini abin da ya ce, yadda ya faɗa.”

Ya ce, “Ya ce wannan ta albasa ce da madara, Umma. Ya ce ko da duk suna da rubutu, ba abin da suke yi a nan.”

Sai na ciro jakar Malam daga wuyana. Na zaro takardar harajinsa, wadda ta girmi yaron nan, ta girmi surukina, ta yi laushi kamar tsumma, amma ga tawadarta shuɗiya, ga hatimi. Na shimfiɗa ta kusa da fararen. Na ce a gaya masa wannan ta wuce da mutum gada. Na ce a tambaye shi, su da suka karɓa a kan shinkafata, suka karɓa a kan sabuluna, suka karɓa a kan madarar jikata, wace gada tasu ke wucewa da mutum.

Yaron ya saurara har aka gama fassara masa. Bai yi dariya ba. Ya zaro wani kati daga aljihunsa ya nuna mini, ya yi magana a hankali. Wannan karon surukina bai rage komai ba. Ya ce yaron ya ce a garin nan aka haife shi, ubansa ya yi aiki a nan har ya tsufa, da aikin ya ƙare ya koma ƙasarsu, shi ma da katin nan yake zaune, ranar da ya ƙare sai ya sabunta ko ya bi uban. Sannan yaron ya tattaro takardun ya turo mini su da hannu biyu, ya ce, “Khalas, Mama,” wato shi ke nan.

Da zagina ya yi da na sami wanda zan zaga. Na tsaya da fushina a hannu ba inda zan sauke shi. Wasu takardun sun zube ƙasa, iskar esi tana kaɗa su ƙarƙashin kujerun mutane, surukina da rigar aikinsa ya durƙusa yana bi yana tsincewa ɗaya bayan ɗaya. Na ce ya bar su. Bai bari ba.

Ban ƙara kwana ashirin a ƙasar ba. Fararen takardun na bar wa Takwara ta yi zane. Ranar tafiya ta riƙe gefen mayafina tun daga lifta har mota, ba ta yi kuka ba sai da ta ga an sa akwatin ƙarfe a but ɗin motar, don ta san akwatin ba ya fita. Shekara biyar ina goyonta. Ko sunan matar da za ta karɓe ta ban iya faɗa ba.

Yanzu ina gida. Rumfar ta tafi, wani ya sa kwantena a wurin. A ƙofar gida nake suyar ƙuli-ƙuli. Ban yi wata biyu da farawa ba wani yaro ya zo da riga mai tambari da littafin tikiti, ya ce an fito da na masu sana'a a ƙofar gida. Na tambaye shi in na biya me takardar za ta yi mini. Ya ce, Baba, ni ma aiko ni aka yi. Na biya, ya yago, na karɓa na tura ƙarƙashin kasko yana kallo.

Ran Juma'ar da ta wuce Auta ta kira ni a waya mai hoto. Suna ɗaki ɗaya yanzu, suna ta neman hanyar wata ƙasa. Takwara ta leƙo, Hausarta ta fara karyewa, ta ɗaga mini wani gwangwanin madara. Auta tana murmushi ta ce wai rasit take tarawa, ba ta bari a yar da ko ɗaya, ta ce in ya cika za a kai ofis a bar Kaka ta dawo. Ta ce sun bar ta ne kawai, yarinta ce, abin har dariya yake ba su.

Na ce ta ba mijinta wayar ya riƙe, su duka biyun su ji ni. Na ce yau ɗin nan, kafin magariba, su zaunar da yarinyar nan su gaya mata abin da takardun suke, da abin da ba sa yi. In ta yi kuka ta yi. Na ce in na sake kira na ga gwangwanin nan, kada wanda ya ƙara gaishe ni a cikinsu.

Surukina ya ce, “To, Umma.”

Na ce ba “to” na tambaye shi ba, ya kira ta yanzu ina ji.